Kafin Shamuwa Ta Dawo, Mu Je Gaida Kakanni

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Bichi da Tsanyawa zuwa Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, da wuya a ga fili babu gona. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, kowane taƙi yana da mai shi. Mai wucewa a mota zai ɗauka babu abin da ya rage wa tsuntsaye a nan. Amma manoman yankin ba su share itatuwansu ba. Sun bar gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gero da dawa, kuma a kan waɗannan itatuwa tsuntsayen suke kwana, suke sheƙa. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin kewayen Kano, ya kuma nuna cewa yawan jama'a bai hana manoma riƙon itatuwa ba.

Waɗanda suka fi kowa sanin tsuntsayen nan su ne tsofaffinmu: manomin da ya miƙa wa 'ya'yansa garma, da ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60, ya yi ritaya ya koma gida. Rayuwarsu ba ta da gaggawa. Bayan sallar asuba a leƙa gona, da hantsi a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya da rediyo a gefe, da la'asar a hau keke ko babur a je ƙauyen gaba duba aboki, a yi barka ko ta'aziyya, a koka kan jinkirin kuɗin fansho. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma mai yawan bin hanyar gona shi ke ganin abin da ya sauka da abin da ya tashi. Ba su kiran abin da suke yi da suna kallon tsuntsaye, amma a Turai da Amurka mutane na sayen tabarau mai hangen nesa don su yi irinsa.

Mu fara da shamuwa, wadda kowa ya san ita ce mai albishir da damina. Takan iso ne gab da faɗuwar ruwa, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a cikin gari, ba ta gudun mutane, mutane kuma ba sa taɓa ta. Abincinta fara ne da tsutsotsi, wato tana taya manomi aiki ba tare da lada ba. Ina take zuwa idan kaka ta yi? Tana bin ruwa ne. Takan tsallaka tsakiyar Afirka ta sauka ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke farawa a lokacin da namu ruwan ya ɗauke. Tsohon da ya ce a gyara gona don shamuwa ta zo ba camfi yake yi ba: tsuntsuwar tana tafiya ne tare da iskar da ke kawo ruwa.

Da sanyin hunturu wasu baƙin ke zuwa, su kuma daga arewa. Ƙananan tsuntsaye ne da ba su fi tafin hannu ba, sun taso daga Turai, sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Akwai mai ruwan ɗorawa a ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela. Da yawansu suna fakewa a kan gawo, domin shi kaɗai ne ke fitar da ganye da fure da rani, ya kaɗe su da damina, don haka ƙwari ke taruwa a kansa a lokacin da sauran itatuwa suka bushe. A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi a cikin shekara guda. Da aka bincika, sai aka gano fari ne a yankin Sahel, inda yake cin rani, ya kashe su. Wato gawon da ke gonar kakanninmu yana da alaƙa da lambun wani Bature da bai taɓa jin sunan Kunci ba.

Mai son ganin tsuntsayen ruwa ba sai ya yi nisa ba. Madatsun ruwa na Tomas da Gari da Watari suna tara zalɓe da balbela da kirinjijiya, musamman da sassafe. Wanda ya samu dama kuwa, dausayin Haɗeja da Nguru shi ne babbar matattara. A can ne, a Dagona ta Jihar Yobe, mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya kai ziyara a 1989.

Sai dai hirar tsofaffin ba duka ce mai daɗi ba. A tambaye su ungulu. Za su ba da labarin lokacin da take cika mahauta da rufin kasuwa har ana korar ta. Da yawa daga cikinmu kuwa a karin magana kawai muka san ta. A 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta sa irin ungulun da ke zama a garuruwanmu cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Guba da farauta don sayar wa masu magani suna cikin manyan dalilai. Gauraka mai tukku ma ta kusa ɓacewa daga Najeriya. Mu ma, a gaskiya, danƙonmu da tarkonmu ba su bar kurciya da kanari sun huta ba.

Ba duka tsuntsu ne abokin manomi ba. Janbaki kan sauko dubbai ya cinye gero a yini guda, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gona yana kaɗa gwangwani ba ya bukatar a yi masa bayani.

Abin da ke damun mu shi ne sunaye. Littattafan makaranta suna koya mana sunan tsuntsu da Turanci, amma bambancin hasbiya da kurciya, ko carki da kabare, ko yadda ake gane cilakowa daga kukanta, yana bakin tsofaffi ne, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da nasa. Masana ma suna neman irin wannan sani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, inda masu sa kai, ciki har da matasa daga Arewa, ke aika sunayen abin da suka gani ta wayar salula.

Ba a bukatar kuɗi kafin a fara. Littafin rubutu da fensir sun isa. A hutun nan, idan aka je gaida Kaka ko Baba Malam, a zauna a tambaye shi sunan kowane tsuntsu da ya sauka a kan darbejiya, a rubuta ranar, da itacen, da abin da yake ci. A tambaye shi kuma wanne ne ya daina gani, kuma tun yaushe. Shafi na farko a bar wa shamuwa: a rubuta ranar da ta fara sauka a garin, da ranar ruwan farko, a ƙirga kwana nawa ne tsakaninsu.