Ƙiba da Yunwa a Jikin Masu Shan Maganin Ƙanjamau

A farkon shekarun 2000, rama ce ke tona asirin mai ƙanjamau. Yau lamarin ya juya. Najeriya, wadda binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta tana da kusan mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da cutar, ta koma ba da ƙwaya ɗaya a rana mai ɗauke da dolutegravir, maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2019. Yana danne ƙwayar cutar sosai, amma yana tafe da ƙiba. Gwajin ADVANCE da aka yi a Johannesburg ya nuna masu shansa sun fi masu shan wani maganin ƙanjamau, efavirenz, ƙara nauyi, musamman mata.

Mai shan magani kuwa murna yake yi, kuma ba a ga laifinsa ba. Wanda ya sha kallon banza da tsegumin maƙwabta, in kumatunsa suka ciko, ai asirinsa ya rufu. Sai dai sikeli ba ya faɗin abin da aka ci.

Magani kyauta ne, abinci kuwa da kuɗi. Bayan cire tallafin mai a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Nama da ƙwai da kifi suka fara ɓacewa daga tukunya, wake ya bi su. Aka bar tuwo, garin kwaki, taliya da shayi mai zaƙi. Ciki ya cika, jini bai samu ba. Sai ka ga mace da jiki ɓul-ɓul, amma ga ƙarancin jini, ga hawan jini da ciwon suga suna ƙwanƙwasa ƙofa, alhali shekaru suna ja, tunda maganin ya tsawaita rai.

Rama ma ba ta tafi ba. Wanda cutar ta ci ƙarfinsa yana bukatar ƙarin kashi 20 zuwa 30 na abincin da ke ba da kuzari, wasu kuma kan tsallake ƙwayar ranar da babu abin kai wa baki, don tsoron jiri. Tsallaken nan shi ke ba cutar damar bijire wa magani.

A ganina giɓin yana ɗakin ba da shawara. Ce wa marar hali "ki riƙa cin abinci mai gina jiki" bai wadatar ba, gara a ambaci awara, ƙuli-ƙuli, zogale da miyar kuka, waɗanda aljihu zai iya. Haka kuma a riƙa gargaɗin cewa maganin ƙarin jini da wasu magungunan gyambon ciki suna hana hanji tsotse dolutegravir in aka haɗiye su tare. Ƙa'ida ita ce a sha shi awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.