Hajijiya: Sau Da Yawa Daga Kunne Take

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, in mutum ya wayi gari ɗaki na juyawa da shi, ga amai, ga kasa tsayuwa, sai a ce iska ce, a shiga yi masa turare. To, sau da yawa abin daga kunne yake, kamar yadda wani likitan Faransa, Prosper Meniere, ya bayyana tun 1861.

Can bayan dodon kunne akwai waɗansu 'yan bututu uku lanƙwasassu, cike da ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya juya. In ƙwayar bairas ta kumbura su ko jijiyarsu, galibi bayan mura, sai kunnen dama ya kawo labari dabam, na hagu dabam, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata. Ƙyanda da hangum ma sukan yi wannan ɓarna, har su kurumtar da yaro.

Tsananin ciwon kwana biyu ne ko uku, sa'an nan ya yi ta raguwa cikin 'yan makonni. Da zarar amai ya tsaya, gara majinyaci ya riƙa takawa sannu-sannu, don da motsi ƙwaƙwalwa ke sabawa. Amma kada ya hau babur, kada ya shiga rijiya ko ramin zinariya. Muna kuma jan kunnen masu garzayawa kemis: allurar jentamaisin ba ta kashe bairas, ita kanta ma takan lalata kunnen ciki har abada.

Sai dai ba kowane jiri za a zauna da shi gida ba. In harshe ya yi nauyi, ko ana gani biyu-biyu, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, sai asibiti nan take. Haka in da zazzaɓi da sandarewar wuya, don ba mu manta sanƙarau na 2017 ba. Malaman makaranta kuwa su tuna gubar dalma da ta ɓulla a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Yaron da ke tangaɗi inda ake niƙa dutsen zinariya, a fara auna jininsa kafin a ɗora wa kunne laifi.