Yaro Ɗan Wasa a Finafinan Hausa: Misalin Maryam Booth

Yaro ɗan wasa ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Duk wanda ya tashi a Goronyo ko Wurno ko Rabah ya san tashe, inda yara kan bi gida-gida a cikin watan azumi suna kwaikwayon tsoho ko boka ko malami. Sai dai tashe wasa ne na ɗan lokaci: da zarar an yi salla, ɗan wasa ya koma yaro kamar kowa. Fim ya sha bamban. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kwaikwayo ya zama sana'a mai kuɗi da suna, kuma yara ma sun shiga cikinta.

An haifi Maryam Ado Muhammad, wadda aka fi sani da Maryam Booth, a Kano a shekarar 1993. Mahaifiyarta, Hajiya Zainab Booth, wadda ta rasu a 2021, fitacciyar 'yar wasa ce da ta shahara wajen fitowa a matsayin uwa. Maryam ta fara fitowa a fim tana da kimanin shekara 8. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa ta ƙofar gida ta shiga sana'ar, kamar yadda Ahmad, ɗan Ali Nuhu, ya yi daga baya. Dalilin a fili yake: iyaye da yawa ba sa yarda su miƙa 'ya'yansu ga masu shirya fim, don haka akan koma ga yaron da ke da nasa a wurin ɗaukar hoto.

Fim ɗin Dijangala ne ya fito da ita sarari, har sunan ya bi ta. A nan ne babbar matsalar yaro ɗan wasa take. Abin da masu kallo suka so a wurinsa shi ne ƙuruciya, ita kuwa ba ta daɗewa. Murya kan canza, fuska ta sauya, sai a wayi gari matsayin da ya saba hawa ya yi masa kaɗan, na manya kuma ba a yarda ya isa gare shi ba. Maryam ta tsallake wannan siraɗi. A 2020 ta fito a matsayin Zainab a fim ɗin The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, labarin wasu 'yan'uwa mata biyu, Fulani masu tallar nono, da 'yan tayar da ƙayar baya suka raba. Da wannan rawa ta ci lambar yabo ta AMAA ta mataimakiyar tauraruwa, kuma shi ne fim ɗin da Nijeriya ta tura gasar Oscar a wannan zagaye.

Ba kowa ke tsallakewa ba. A Ingila, Jack Wild ya shiga jerin 'yan takarar Oscar yana ɗan shekara 16 saboda fim ɗin Oliver! na 1968, amma shaye-shaye ya durƙusar da sana'arsa, ya rasu a 2006 yana da shekara 53. A Amurka kuwa, sai da Jackie Coogan ya kai mahaifiyarsa da mijinta ƙara kan dukiyar da ya tara yana yaro, sannan jihar Kalifoniya ta yi dokar 1939 mai kare wani kaso na kuɗin yaro ɗan wasa.

Abin da ya shafi malami a nan shi ne, irin wannan yaro ɗalibi ne kuma ma'aikaci a lokaci guda. Ɗaukar fim kan ci kwanaki, wani lokaci har dare, karatu kuma ba ya jira. Yanzu da wayar hannu ta sa ana shirya gajerun wasannin barkwanci a kowane gari, ba sai a Kano kaɗai malami zai tarar da shi a aji ba. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana sa yaro aikin ci-da-gumi, kuma Jihar Sakkwato ta sanya hannu kan tata dokar kare yara a 2021.