Injiniyan da Babu Sunansa a Allo

Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello birnin Sakkwato ya san darajar ilmin handasa, bai kuwa ƙyamaci karɓarsa daga hannun wanda ba Musulmi ba. Domin a shekarar 1826, sa'ad da Baturen nan Hugh Clapperton ya sake zuwa garin, cikin tsarabar da ya riƙo har da littafin handasa na Uklidis da Larabci, Sarkin Musulmi kuwa ya yi farin ciki matuƙa, saboda gobara ta riga ta cinye kwafin da ke gidansu. Clapperton ya rasu a nan a watan Afrilu na 1827, kuma tarihi ya kiyaye sunansa, alhali Kiristocin ƙasarmu da suka zo bayansa da wannan ilmi a hannu, suka ƙare ƙuruciyarsu suna yi wa garin hidima, da wuya a sami wanda ya rubuta nasu.

Duk wanda ya zauna Sakkwato ya san irin wannan mutum, ko da bai san sunansa na yanka ba, tun da “Injiniya” kawai ake kiransa. Daga Zuru ya zo, ko kudancin Zariya, ko Filato, ko can Kurmi, ya kama aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 ya fara toya dutsen farar ƙasa a 1967, ko kuwa a madatsar ruwa ta Bakalori da aka kammala a 1978, ko ta Goronyo da ke kan gulbin Rima. Idan injin tura ruwa ya tsaya da tsakar dare a watan bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke hana ido barci, shi ake bugun ƙofarsa. Sai ya ɗauki tocila da akwatin sifana, ya durƙusa cikin baƙin mai tare da leburorinsa, har asuba ta yi, famfo ya kawo, masu alwala su tari ruwa ba tare da sun san hannun da ya jawo musu shi ba. Allon da aka kafa a bakin aikin kuwa, sunan gwamnan da ya yanke ƙyalle ne a jiki.

Rayuwarsa ta gida ita ce maƙwabta suka fi shaida. Albashi na shigowa kuɗin makarantar yara ne farkon abin da ake warewa, nasa da na ƙannen da aka aiko masa daga ƙauye, sa'an nan baikon majami'a, abin da ya saura kuma a miƙa wa uwargida ta san yadda za ta kai shi ƙarshen wata. Ran Lahadi da sassafe ya kwashi iyali, Littafi Mai Tsarki na Hausa a hammata, zuwa sujada a cocin ECWA ko babbar majami'ar Katolika ta Holy Family; ran Kirsimeti kwanon shinkafa ya zaga gidajen unguwa, ran Layya kuma nama ya shigo nasa, ba tare da wani ya yi taro a kan zaman lafiya ba.

To, idan ajali ya zo masa, galibi akan yi daren waƙoƙi da addu'a, washegari a ɗora akwatin gawarsa a mota a nufi garinsu, iyali su bi baya, gidan haya ya koma hannun mai shi. Kafin shekara ta zagayo, mutumin da ya shayar da unguwanni ya zama kamar baƙon da ya kwana guda a zaure. A ganina wannan gajiyawa ce daga gare mu, domin haƙƙin maƙwabtaka a shari'a bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba, kuma malamai da yawa sun halatta yi wa Ahlul Kitabi ta'aziyya da lafazin da ya dace, irin “Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari”. Ya kuma tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude.

Saboda haka muna kira ga reshen Sakkwato na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, su haɗa hannu su tattara sunaye da hotunan waɗanda suka gina Kalambaina da Goronyo, Musulminsu da Kiristansu, tun matansu da tsofaffin abokan aikinsu suna raye, ana iya zuwa a tambaye su.