“Ba na jin ka”: Yadda ake gano inda murya ke ɓacewa yayin kiran waya

Kafanchan, Jihar Kaduna – Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da manoman Jaba da Kachia da Jema'a ke haƙar citta suna tsagawa suna shanyawa, ciniki da yawa tsakaninsu da 'yan kasuwar Dawanau a Kano ko masu fitar da kaya a Legas ta waya ake soma shi. Ana faɗin farashin buhu, ana karanta lambar asusun banki, ana kwatanta wa direba inda zai tsaya. A wannan lokaci ne kuma hunturu ke busawa, ƙura na shiga duk wata kafa da ta samu, koken da aka saba ji ya ƙara yawa: mutum yana jin wanda ya kira shi tangaran, amma shi ba a jin sa, ko kuwa ana jin sa kamar yana magana daga cikin rijiya.

Matsalar ta wuce ɓacin rai. Tun bayan cutar da ta halaka gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, amfanin ya yi tsada, kuskuren kalma ɗaya a ciniki kan jawo asara mai yawa. Idan farkon kalma ya yanke, “bakwai” da “takwas” ba su da nisa a kunne, haka ma “talatin” da “tamanin”. Ga kuma kuɗin kira, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara shi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba a watan Janairun 2025. Duk mintin da aka ɓata ana maimaita magana, mai kira ne ke biya.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su yanke hukunci nan take. Wani ya ce sabis ne, ya haƙura. Wani ya ce makirfo ya mutu, ya nufi wurin mai gyara, ko ya soma tara kuɗin sabuwar waya. Alhali kafin murya ta isa kunnen wanda ake magana da shi, sai ta ratsa wurare uku: ƙaramin ramin da ke jikin wayar, manhajojin da ke sarrafa sautin, sannan hanyar sadarwa. Kowanne na iya cinye ta, kuma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo wanda zai nuna inda laifin yake.

Gwajin farko shi ne naɗar murya. Kusan kowace waya, har da ƙananan da ba su hawa intanet, tana da manhajar naɗar sauti. Mutum ya buɗe ta, ya riƙe wayar yadda yake riƙe ta in yana kira, ya yi magana na rabin minti da muryarsa ta yau da kullum, sannan ya saurara. Wannan naɗi bai bi ta kan turken sadarwa ba. Saboda haka idan ya fito garau, babban makirfon na da lafiya, sai a nemi matsalar a wani wuri. Idan kuwa ya fito a dakushe, ko da ƙasa ƙwarai, ko da ƙarar shuu, to kamfanin layi ba shi da laifi.

Yana da kyau a san cewa wayoyin zamani ba makirfo ɗaya gare su ba. Babban yana ƙasa, kusa da wurin caji, a bayan wani rami da faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ko makamancin haka ba. Akwai na biyu a saman wayar ko kusa da kyamarar baya, wasu ma suna da na uku. Aikin na biyun shi ne sauraron hayaniyar da ke kewaye, kamar ƙarar janareta ko injin niƙa ko cunkoson kasuwa, domin wayar ta kwatanta abin da makirfo biyun suka ji, ta rage hayaniyar, ta bar muryar. Dabarar ta dogara ne a kan cewa murya ta fi ƙarfi a makirfon ƙasa. Idan ƙura ta toshe shi, ko yatsa ya rufe shi, bambancin sai ya ragu, wayar ta ɗauki muryar mai ita a matsayin hayaniya, ta shiga danne ta. Wannan ne ya sa ake samun wayar da ake ɗan jin ta a cikin ɗaki, amma da an shiga kasuwar Kwoi ko tashar mota a Kafanchan maganar ta ɓace gaba ɗaya.

Daga nan sai gwaji na biyu. A kira wani, a yi magana waya na kunne, sannan a sa ta a lasifika a ci gaba. A wayoyi da dama, lasifika na aiki ne da wani makirfo daban. Idan an ji mutum sosai a lasifika amma ba a ji shi a kunne ba, na ƙasa ne ya samu matsala. Idan akasin haka ne, a duba na sama. Wanda ke da iyafis mai igiya na iya jona ta ya sake kira daga wurin da yake tsaye. Muryar ta fita da kyau, to sabis ya kuɓuta daga zargi.

Idan gwaji ya nuna laifin na jikin waya ne, ba lallai ba ne makirfon ya mutu. Abu na farko a cire rigar wayar. Riguna masu araha da yawa ba a huda su daidai da ramukan wayar ba, musamman idan an sayi ta wani samfuri mai kama da shi, kuma ledar da ake manna wa a bayan waya don ado kan rufe ramin sama ba tare da mai ita ya lura ba. Bayan haka a haska ramin ƙasa da tocila. Ƙurar hunturu ita kaɗai ba ta cika toshe shi ba. Sai ta haɗu da gumi, da man shafawa, da zaren aljihu, ta zama wani ɗan dasƙararren abu mai kama da laka. Wanda ke aikin busasshiyar citta ko sussukar masara ya fi kowa fuskantar wannan, domin garin da ke tashi ya fi ƙurar hanya laushi. Maganinsa buroshin haƙori ne busasshe mai laushi, a juya ramin ya kalli ƙasa, a share a hankali.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi: allura, ko tsinken sakace, ko ɗan ƙarfen da ake fitar da sim da shi. A bayan ramin akwai wata siririyar raga da ke tare ƙura da danshi. Tsinke na iya tura dattin ciki, ko ya yaga ragar, daga nan ƙofa ta buɗe wa duk abin da ke waje. Wasu ma kuskure suke yi, su soka ƙarfen a ramin makirfo suna zaton na sim ne, saboda ramukan biyu sun yi kama. Hura iska da baki ma ba shi da amfani, danshi yake ƙarawa.

Da damina labarin ya sauya. Kudancin Kaduna na samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, daga Afrilu har zuwa Oktoba, kuma waya kan jiƙe a aljihun manomi ko ɗan acaɓa. Ɗigon ruwa a ramin makirfo kan dakushe sauti na sa'o'i, ya warware da kansa idan an kashe wayar an ajiye ta a wuri mai iska. Ba a shanya ta a rana, ba a kai ta kusa da murhu. Binne ta a cikin shinkafa, wanda ya zama al'ada, kamfanin Apple ya gargaɗi masu amfani da wayoyinsa su guje masa, domin ɓarɓashin shinkafar na shiga kafofin. Danshi ko datti a ramin iyafis kuma kan ruɗi waya ta zaci an jona mata wani abu, ta daina sauraron makirfonta. Alamar ita ce hoton iyafis ya bayyana a saman allo alhali babu komai a jone.

Ɓangaren manhaja ya fi sauƙin dubawa. A kashe Bluetooth, domin waya kan haɗu da wata iyafis da ke cikin jaka ko da rediyon mota, muryar ta riƙa bi ta can. A kashe wayar a sake kunnawa. Idan kiran layi na tafiya daidai amma na WhatsApp ko Messenger ne ba a ji, a shiga saiti a tabbatar an ba manhajar izinin amfani da makirfo. Daga Android 12, wanda ya fito a 2021, akwai maɓallin da ke rufe makirfo ga dukkan manhajoji lokaci guda, kuma yaro mai wasa da waya na iya taɓa shi. Manhajojin naɗar kira da na sauya murya da ake saukewa daga wuraren da ba a san asalinsu ba su ma sukan riƙe makirfon. Ɗigon kore a saman allon Android, ko ruwan lemo a iPhone, na nuna cewa wata manhaja na sauraro. Caja marar inganci kuwa kan sa gurnani a layi, don haka a cire waya daga caji a gwada.

Saura sabis, kuma a nan ne yanayin ƙasa ya shigo. Ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba, wanda duniya ta san shi da gumakan yumɓun da aka soma tonowa a 1928, yana tsakanin duwatsu ne, kuma haka yawancin yankin yake har zuwa tsaunukan Kagoro. Dutse na tare siginar rediyo. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, sandunan sabis da ke saman allo na nuna ƙarfin abin da ke zuwa daga turke zuwa waya ne kawai. Ba su faɗin komai game da abin da waya ke aikawa. Turke na da wuta da manyan eriya, ita kuwa waya ƙarfin aikawarta bai wuce wat 2 ba a tsarin 2G, a 4G ma bai kai rubu'in wat ɗaya ba. Don haka a bayan dutse, ko a cikin ɗaki mai rufin kwano, mutum na iya jin abokin maganarsa sarai alhali tasa muryar na isa a gutsuttsure.

Kunne na iya bambancewa. Toshewar makirfo kan sa murya ta yi ƙasa ko ta dakushe, amma haka take a ko'ina, safe da yamma. Raunin sabis kuwa yanke kalmomi yake yi, ya mai da murya kamar ta ƙarfe, kuma yana sauyawa idan an taka 'yan taku ko an hau tudu. Ranar kasuwa, lokacin da jama'a suka taru a kan turke ɗaya, cunkoso kan sa tsarin ya matse sautin kowane kira don kowa ya samu gurbi. Ko ba cunkoso, kiran 2G na yau da kullum na ɗaukar sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 300 zuwa 3,400 ne a daƙiƙa, ya zubar da na sama, inda haruffa irin su “s” da “f” da “ts” suke bambanta. Tsarin VoLTE, wato kira ta kan 4G, na ɗaukar har kusan 7,000, shi ya sa ya fi fita, amma sai wayar da layin da turken wurin duk sun iya shi. Idan ba haka ba, da an danna kira wayar za ta sauko zuwa 3G ko 2G. Gwajin da ke yanke gardama shi ne a sa sim ɗin a wata waya a wuri ɗaya, ko a yi kira da layin wani kamfani a wayar mai sim biyu.

Idan ta tabbata daga kamfanin layi ne, kuma maƙwabta na fama da irin haka, ana kiran 300, lambar kula da abokan hulɗa da duk layukan ƙasar nan suka koma amfani da ita tun 2023. A bayyana sunan gari da lokacin da abin ya fi tsanani, a karɓi lambar ƙorafi a ajiye. Idan ba a ga sauyi ba, NCC na karɓar koke kyauta ta 622, kuma za ta nemi waccan lambar.

Wanda duk gwaje-gwajen suka nuna masa makirfon ne da kansa ya lalace, sai ya je wurin gyara, amma da saninsa. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, makirfon ƙasa na zaune ne a kan wani ƙaramin allo tare da wurin caji, kuma akan canza allon dungurungum ba tare da an taɓa babban injin ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu ke soma rasa murya bayan an gyara musu caji: ko dai an sa allo marar inganci, ko an manta da 'yar robar da ke haɗa makirfon da raminsa, ko gam ya malala ya rufe shi. Idan wayar na cikin wa'adin garanti, a kai ta cibiyar kamfanin, domin buɗe ta a wani wuri na soke garantin. In ba haka ba, a cire sim da katin ajiya kafin a miƙa ta, sannan bayan gyara a naɗi murya, a yi kira a kunne da kuma a lasifika a gaban mai gyaran, tun kafin a biya.