Zalunci a Cikin Rigar Soyayya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wani irin labarin soyayya da ya yi kasuwa a Amurka da Ingila, wanda suke kira baƙar soyayya. A cikinsa saurayin ba mutumin kirki ba ne. Yakan sace yarinya, ko ya kulle ta a ɗaki, ko ya doke ta, amma a ƙarshe sai a nuna ta mace a kan sonsa. Masu karatu da yawa sun ɗaga murya a kan wannan, kuma nufina in bayyana abin da suke kuka da shi.

Ba su ce kada a faɗi mugunta a littafi ba. Tun 1847 Emily Brontë ta fitar da Wuthering Heights, inda Heathcliff ya auri Isabella don ramuwar gayya, ya gallaza mata har ta gudu, kuma ba a daina karanta shi ba. Kukansu biyu ne. Na farko, ana sa wa zalunci rigar soyayya, watau a mai da duka da tsaro alamar tsananin so, mugu kuma ya tafi da amarya ba tare da ya ga sakayya ba. Na biyu, wasu marubuta suna jibga abubuwan tayar da hankali don littafi ya yi suna ya sayu, alhali labarin bai bukace su ba.

Ga misalin da ya nuna inda masu karatu suka ja layi. A 2016 wata Ba'amurkiya, Colleen Hoover, ta fitar da It Ends with Us, labarin Lily wadda mijinta Ryle, likita, yake cutar da ita. Da ta haifi 'ya mace sai ta nemi saki, don kada 'yar ta tashi cikin abin da ita ta gani a gidansu. Marubuciyar ta ce daga rayuwar mahaifiyarta ta ɗauko shi, kuma mutane suka yi rububin sayensa. Amma a Janairun 2023, da aka sanar za a yi littafin zane na shafa launi daga labarin, sai masu karatu suka yi caa, suka ce an mai da hawayen mata abin wasa. Nan da nan ta amsa kuskurenta, aka fasa.

Masu kare baƙar soyayya sukan ce ai ƙage ne, na manya ne, kuma ana sa gargaɗi a shafin farko. Gargaɗi yana da amfani, amma wayar hannu ba ta tambayar shekarun mai riƙe da ita. Yarinya ko yaron da bai san duniya ba yana iya ɗauka haka so yake.

Saboda haka, idan irin wannan littafi ya zo hannunmu, mu tambayi kanmu: wanda ya yi dukan, me labarin ya saka masa da shi? Iyaye kuma su riƙa tambayarmu abin da muke karantawa, su saurari amsarmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.