Mutumin da ke zaune kusa da koci

Kai da ke kallon ƙwallo a shagon shayi a Tamanrasset, ko kana jiran layi a In Guezzam, ka taɓa lura da mutumin nan mai littafi a hannu da ke zaune kusa da koci? Shi ne mataimaki. Aikinsa kamar na wanda ake turawa gaba ya dubo ciyawa da rijiya kafin garke ya tashi. Shi ke leƙo wasan abokan hamayya, shi ke jan atisaye, kuma shi ɗan wasa ke kai wa kukan da ba zai iya faɗa wa babban koci ba. In an ci, ba sunansa ake kira ba. In an kori koci kuwa, sau da yawa tare suke tattara kaya.

Amma a nan ake koyon sana'ar. Rabah Saâdane yana cikin masu taimakawa a 1982, lokacin da Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da 1 a Sifen. Shi ne ya kai ƙasar gasar cin kofin duniya a 1986, ya sake kai ta a 2010.

Mu ma muna da namu: Salisu Yusuf, ɗan Zariya, wanda ya taɓa zama mataimakin Gernot Rohr a Najeriya. Da aka danƙa masa 'yan wasan gida a gasar CHAN ta 2018, har wasan ƙarshe ya kai su. Maroko dai ta zura musu 4 a Kasabalanka, ranar ba ta yi daɗi ba.